Dakta Mansir da Ɓerayen Masar

Kowace unguwa Allah ya ba ta nata. Wata ya ba ta mahaukaci, wata ya ba ta ɗan siyasa. Mu a Ƙofar Dumi sai ya haɗa mana su a jikin mutum ɗaya, ya sa masa suna Mansir.

Mansir mai gyaran fanka ne, kuma ko a fankar ma, in ya gyara maka, to ka ajiye mafici kusa. Amma tun ranar da aka kira shi ya ɗaura fanka a ɗakin gwaje-gwajen wata makaranta, ya dawo ya ce a daina ce masa Mansir Mai Fanka. Dakta ne sunansa. Wai yana kan tsani ya ga komai da idonsa: fararen ɓeraye a keji biyu, duk ana ɗura musu zaƙi, 'yan keji ɗaya ana sa musu wani sinadari wai shi fuloraid a ruwan sha, 'yan ɗaya kejin kuwa ruwa zalla. Wata ɗaliba ta gaya masa waɗanda suka sha sinadarin haƙoransu ba su cika ruɓewa ba. Iyakar abin da ya ji ke nan wuta ta ja shi ya sauko daga tsanin ba shiri. Amma in ka ji shi a teburin mai shayi, sai ka rantse shi ya haifi ɓerayen.

Ana nan sai tsohon da ke riƙe da makullin bohol ɗin unguwa ya tattara ya koma Zungur wajen 'ya'yansa. Wanda bai zauna a lungunmu ba ba zai gane ba. Mai makullin famfo ya fi kansila. Mata da durƙuso suke gaishe shi, 'yan garuwa ranka ya daɗe suke ce masa, in ana biki kwanonsa ake fara cikawa.

Mansir ya sami Mai Unguwa Abdulsalami a ƙofar gida yana shan iska.

"Baba Mai Unguwa, a ba ni makullin nan. Ba don kaina ba, don haƙoran al'umma."

"Haƙoran al'umma sun kawo maka ƙara ne?"

"Dubi bakin yaranmu, ranka ya daɗe. Rabi kogo, rabi giɓi. In makulli yana hannuna, fuloraid zan riƙa zubawa a tanki. Kafin baɗi, in Ƙofar Dumi ta yi murmushi sai an hango daga Tirwun."

Daidai nan Sista Paulina ta fito da bokiti. A asibitin haƙori take aiki, tana haya a gidan Mai Unguwa, kuma bakinta ya fi filayar da take cire haƙori da ita kaifi.

"Wane tanki? Wanda nake sha? Mansir, ka taɓa tankin nan, ni da kai ne. Ka auna ruwan? Ka san nawa yake ciki tun daga ƙasa? A garinmu abin yawa ya yi, haƙoran mutane duk sun yi ja kamar na 'yan goro."

"Sista, na gane damuwarki. Ke aikinki cirewa. In haƙora suka daina ruɓewa, me za ki ci?"

"Kai dai wutan nan a kai ya ja ka, ba a hannu ba."

Mai Unguwa mutum ne da ba ya ƙin kallo, musamman na kyauta. Ya gyara zama ya ce, "To, Mansir, ka ce ka ga an yi da ɓeraye. Je ka yi naka. In ka gama ka kawo su nan gaban jama'a, Sista ta duba bakinsu. In mun ga bambanci, makulli naka ne. In ba mu gani ba, ka koma wa fankarka, kuma kada in ƙara jin kalmar dakta a unguwar nan."

"An gama, ranka ya daɗe. A fara goge makullin."

Abu na farko da ya nema farar riga. Ya je wajen Mahfuz tela, abokinsa na majalisa, wanda ba shi da aiki sai tsokana.

"Farin yadi ɗaya ya rage mini, kuma na likkafani ne."

"Ɗinka. Kimiyya ba ta tsoron mutuwa."

Ranar da ya fara fitowa da ita, wata tsohuwa ta ci karo da shi a kwanar lungu, ta saki salati ta saki kwanon kunu.

Sai ɓeraye. Ya ce ba sai ya saya ba, gidansu ma Allah ya hore. Ya kafa bokiti da ƙuli-ƙuli, ya kama wani ƙato mai rabin wutsiya, irin wanda kyanwa ke gani ta canza hanya. Ya ɗauko cokali zai buɗe masa baki ya ga haƙora. Ɓeran bai wahalar da shi ba, ya nuna masa su da kansa, a babban yatsa.

Matarsa Maimuna tana ɗaure masa yatsan tana cewa, "To, Baban Yasmin, ka duba? Lafiyayyu ne ko?"

"Wannan ba ɓeran ilimi ba ne. Ɗan tasha ne."

Bayan ya sha allura a kemis, aka ba shi labarin wani Jesse a Tirwun da ke kiwon ɓerayen Masar a bayan gidansa, waɗannan masu taushin nan marasa wutsiya, da ko kuka suke yi kamar suna ba ka haƙuri. Ya hau acaɓa da farar rigarsa ya tafi.

Jesse ya dube shi sama da ƙasa. "Oga, na ci kake so ko na kiwo?"

"Na bincike. Kuma maza zalla za ka ba ni. Ba na son iyali a wurin aiki."

Jesse ya riƙa ɗaga su ɗaya bayan ɗaya yana leƙa ƙarƙashi. "Wannan namiji. Wannan ma namiji. Wannan kuma... namiji ne in Allah ya yarda."

Aka zuba su a kwali. Kafin a iso gida sun jiƙa kwalin da fitsari, ana shiga lungunmu gindinsa ya ɓalle. Ranar an ga gudu. Mai kayan miya ya kama ɗaya a cikin alayyafo, an zaro ɗaya daga ƙarƙashin keken Mahfuz, ɗaya kuwa sai da ladan ya zo sa takalmi ya ji abu mai ɗumi. Ya yi kiran da bai taɓa yin irinsa ba ko da lasifika.

Keji bai ba Mansir wahala ba. Ya kwance ragar fankokin mutane da aka kawo gyara, ya ɗaure su da waya. Duk wanda ya zo karɓar fankarsa sai ya ce masa tana hidimar ƙasa. Keji ɗaya ya ɗaura masa jan ƙyalle ya ajiye a inuwar mangwaro, su ne 'yan fuloraid. Ɗayan ya jefa shi jikin katanga a rana, su ne wai 'yan kwantirol, waɗanda ba za a ba su komai ba don a ga bambanci.

Sauran sinadarin. Ya zaga kemis-kemis, kowa ya ce bai san shi ba. Ya dawo rai a ɓace, sai idonsa ya faɗa kan makilin ɗin Maimuna a bakin taga, ga sunan abin nan ɓaro-ɓaro a jiki. Ya yi kabbara. Ya tattara duk makilin ɗin gidan, ya kafa doka: daga yau na ɗakin gwaji ne, ba mai ƙara taɓawa.

"Mu kuma da me za mu wanke baki?" in ji Maimuna.

"Ku kurkure. Ni ma kurkurewa zan yi. Shugaba shi ke fara sadaukarwa."

Maimuna ta yi tsaki ta aika aka sayo mata aswaki. Shi kuwa Dakta ya ce aswaki na mutanen da ne.

Ya matse makilin a jarka ya girgiza, kumfa ta taso har ta fi jarkar. Ɓerayen suka shinshina, suka juya masa baya. Sai ya koma wanke musu baki da hannu. Kullum da safe ya matse ɗaya a tsakanin gwiwoyi, ya kama burushi, su kuma su ɗauki ihu, tsiii tsiii, har maƙwabta suka riƙa leƙowa su ga wa ya sayi mota mai jiniya.

Zaƙi kuwa ba a magana. Alewa, tuwon madara, gullisuwa, har sukarin da Maimuna ke zoɓon sayarwa da shi ya kwashe. Ya cika musu faranti. Suka bi ta kan alewar suka je suka ci tabarma. Da yamma farantin yana nan yadda ya ajiye shi, sai dai kiyashi da suka yi layi tun daga gidan maƙwabta.

"Almubazzaranci haramun ne," in ji Mansir, ya jawo farantin gabansa. Gobe ma ya sayo sabo, wai dole a bi ƙa'ida. Gobe ma ya cinye.

Duk abin nan mahaifiyarsa, Inna Hauwa'u, tana zaune a ƙofar ɗakinta da carbi tana kallo. Gidan nata ne, Mansir autanta ne, kuma ita ta lalata shi, ko ita ba ta musu. Ran nan ta kira shi.

"Auta, waɗancan na jikin katanga me suka yi maka?"

"Ba su yi komai ba, Inna. Kwantirol ne."

"Laifi ne kwantirol ɗin?"

"A'a. Dole a hana wasu, a ba wasu. Haka ake yi."

"Ka kulle bayin Allah a gidana, ka wanke wa wasu baki ka sa su a inuwa, wasu ka bar su da ɗoyi a rana? Ranar hisabi wa za su kama, kai ko ni mai gida?"

"Inna, ba za ki gane ba."

"Kai da na haifa ma ban gane ka ba, balle ɓera."

Ta koma kan carbinta. Amma kullum da Mansir ya sa ƙafa ya fita majalisa, Inna sai ta ajiye carbi. Ta ɗauko burushi, ta yi bismilla, ta wanke wa 'yan katanga baki tas, Maimuna na riƙe mata ƙafafu tana dariya har da hawaye. Ta kawo musu ciyawa da ganyen kabeji da ɓawon kankana. Sannan ta ce raba 'yan'uwa ba kyau, sai ta buɗe kejin biyu ta sake su a tsakar gida su yi zumunci. In ta ji la'asar ta kusa, ta kama duk wanda hannunta ya kai gare shi, rabi nan, rabi can.

Shi kuwa Dakta yana can teburin shayi yana ba da rahoto. "'Yan jan ƙyalle haƙoransu har ɗaukar ido suke. 'Yan kwantirol kuwa, in ka dube su da idon masana, sun fara karaya."

Wata safiya ya leƙa kejin katanga ya tarar da 'yan ƙanana suna yawo. Ya kira Jesse a waya yana huci.

"Ba ka ce mini maza ba ne?"

"Oga, na ce in Allah ya yarda. Bai yarda ba."

Mansir bai karaya ba. Ya je majalisa ya sanar da cewa ya gano abin da Turawa ba su gano ba: rashin fuloraid yana sa namiji ya haihu. Mahfuz ya shafa bakinsa ya ce daga yau zai riƙa kwana da makilin a aljihu. Washegari aka haihu a kejin jan ƙyalle ma.

"Dakta, barka," in ji Mahfuz. "Yaushe suna? Rago ɗaya zai isa ko kowanne da nasa?"

Da makonni suka ja, Mai Unguwa ya aiko ya ce jama'a sun gaji da jira, ranar Juma'a bayan la'asar a kawo kaya. Mansir ya ce ko yanzu ma a shirye yake. Sai dai ranar Juma'ar ya tashi da kumatunsa na dama kamar ya ɓoye lemo a ciki. Ya tauna kanumfari, ya ɗora gishiri, ya sa man zafi, abin sai ƙaruwa. Ya ciro rawanin marigayi babansa ya naɗa, ya ja amawali ya rufe baki har hanci.

"Wannan kuma fa, Baban Yasmin? Sarauta aka ba ka?"

"Ƙwayoyin cuta," ya ce ta cikin rawani. "Haka masana ke yi."

Ƙofar gidan Mai Unguwa ta cika maƙil. Maza a kan benci, mata a soro, har Jesse ya zo daga Tirwun ya ga abin da jikokinsa suka zama. Mansir ya turo kejinsa biyu a baro, farar riga, farin rawani, ido kawai a waje. Ya fara jawabi, amma ba wanda ya ji komai sai gunaguni kamar injin niƙa a nesa.

"Dakta, a taƙaita," in ji Mai Unguwa. "Sista, bismilla."

Paulina ta kunna tocilar waya, ta ɗauki ɗan jan ƙyalle ta buɗe bakinsa da tsinke. "Wannan ba komai. Fari tas." Ta bi sauran, duk haka.

Mansir ya ɗaga hannu sama. Jama'a suka yi tafi. Ya miƙa tafin hannunsa wajen Mai Unguwa tun kafin a gama.

Paulina ta koma kejin katanga. Ta duba na farko, ta duba na biyu, ta kai hanci ta shinshina. "Wannan ma fari tas. Kuma bakinsa yana ƙamshin makilin, ya fi na wasu a nan ƙamshi."

"Makirci!" Mansir ya daka tsawa, hannu ɗaya dafe da rawani. "An shiga mini ɗakin gwaji! Na san masu cin abinci da ruɓaɓɓen haƙori ba za su bar ni ba!"

"Ba wani makirci," aka ce daga soro. Inna Hauwa'u ta fito tana dogara sanda, mata suka buɗa mata hanya. "Ni ce. Kullum sai na wanke musu, da bismillata. Na ba su ciyawa, na haɗa su suka gaisa, na juya musu inuwa. Ba wanda zai tsaya gaban Allah ya ce an zalunce shi a gidana."

"Inna! To yanzu wanne ne ɗan fuloraid, wanne ne kwantirol?"

"Oho. Duk 'yan gida ɗaya ne."

Mutane suka fashe. Paulina ta share hawaye da bayan hannu ta ce, "Ko Mama ba ta taɓa su ba, Mansir, wannan dabba haƙorinsa tsiro yake yi har ya mutu, yana cinyewa yana sabo. Kuma waɗannan ba su ci zaƙi ba, ciyawa ne a bakinsu."

Mai Unguwa ya karkata kai. "To duk alewar da aka ƙarar a shagunan unguwar nan, ina ta shiga?"

"A tambayi rawani," in ji muryar Maimuna daga soro.

Mahfuz ya miƙe da fuskar tausayi, ya tsiyayo ruwa mai ƙanƙara daga kular mai zoɓo. "Ku bar bawan Allah, ya sha magana. Dakta, jiƙa maƙogwaro."

Mansir, da ƙishi da borin kunya suka haɗe masa, ya ɗan ja amawali ya kurɓa. Ruwan na taɓa haƙorin ya yi wani tsalle da ko a ranar da wuta ta ja shi bai yi irinsa ba. Rawani ya warware, ƙafarsa ta doki baro, keji biyu suka kife. Ɓeraye manya da ƙanana suka fantsama cikin jama'a. Mata na ihu, dattawa na ɗage riguna, Jesse na bin su yana cewa a yi hankali da mai ciki. A tsakiyar fili kuwa ga Dakta tsaye, ga lemon kumatu a fili.

Paulina ta cafke haɓarsa. "Buɗe." Ta haska tocila ta leƙa, ta ja da baya tana fifita hanci. "Baba Mai Unguwa, gwajin ya yi fa. Ga wanda ya sha zaƙi ba makilin. Kogo biyu, ɗaya akuya zai kwana a ciki."

Kai ka ce nan zai nutse a ƙasa. Mansir? Sai ya buga ƙirji.

"Kun gani! Abin da nake faɗa ke nan! Da gangan na sadaukar da bakina don al'umma. Ga masu fuloraid lafiya lau, ga marar fuloraid ya ruɓe. Bambanci ya fito, a ba ni makullina!"

Mai Unguwa ya ɗaga hannu aka yi shiru. "Alkawarinmu a kan ɓeraye muka yi. Kai ɓera ne?"

Mansir ya dubi makullin a hannun Mai Unguwa, ya dubi jama'a, ya sake duban makullin. Wallahi sai da ya yi tunani.

"Ranka ya daɗe... a kimiyyance..."

Ba a bari ya ƙarasa ba. Liman da kansa sai da aka riƙe shi kada ya faɗo daga benci. Da ƙurar dariya ta lafa, Mai Unguwa ya miƙe, ya wuce hannun Mansir da ke miƙe, ya durƙusa gaban Inna.

"Inna, ke da ba ki iya ganin an hana ɓera rabonsa ba, riƙe mana wannan."

Inna ta karɓa, ta ƙulle shi a haɓar zani, ta ce Allah ya ba ta ikon riƙe amana. Paulina kuwa ta kama hannun farar riga ta ce gobe da sassafe tana jiransa, kuma ya ci abinci kafin ya zo, don zai daɗe bai tauna ba.

Bayan kwana biyu da safe layin famfo ya miƙe har bakin masallaci, Inna na zaune a kujera 'yar tsugunno tana lura da wa ya riga wa. Sai ga Mansir da bokiti, baki cike da auduga, ya ratsa mutane ya dire a gaba.

"Inna, ni ne fa. Autanki."

"Na gane ka. Koma baya."

Ya ɗauki bokiti yana jan ƙafa, mata na ce masa sannu Mai Fanka, yaya bakin. Har ya kusa kaiwa ƙarshen layi Inna ta ɗaga murya.

"Auta! In ka ɗebo ka fara zuba wa 'yan keji. Su ba su da mai bi musu layi sai kai."